Ranar da Inna Ta Kira Sunansa

Yayana Arzika ɗan fari ne, shi ya sa Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, saboda kunya. Na-ruwa take ce masa, don tun yana ƙarami yake tuƙa kwalekwale a Wara. A lokacin, da ya hango tsoho sai ya cire takalmi ya durƙusa.

Sai ya shiga aikin ɗan sanda. Shekara goma sha huɗu yana tsaye a shingen hanya, rana na dukansa, manyansa na zaginsa. Ya binne abokan aikinsa biyu da 'yan bindiga suka harbe. Na san ya sha wuya, amma mu me muka yi masa? Gaisuwarsa ta koma "Kai!" Kowa ɓarawo ne a idonsa.

Wata ranar kasuwa a Yelwa, Inna na zaune tana sayar da kifin banda, sai ga shi ya ci kwalar wani dattijo masunci, wai ya ajiye kwando a kan hanya. Tsohon na ba shi haƙuri, ya wanke shi da mari. Hula ta faɗi cikin taɓo.

Inna ta miƙe. "Arzika!"

Ya juyo. "Inna, sunana kinka kira?"

"Na kira, in ƙara kira! Ɗauko mai hulatai. Na-ruwa nika jin kunya, shi kau bai marin sa'an ubanai. Kai ban san ka ba."