Tuulikki, Mai Bin Koke Har Ɗakin Surace

Kafin gari ya gama wayewa, tsohuwar motar Tuulikki Rautiainen ta riga ta kama hanyar ƙauyukan Kajaani, tana ratsa ƙanƙara. Aikinta bin koke-koken da ake kawowa kan gidajen kula da tsofaffi, kuma ba ta aika sallama kafin ta zo. Za ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ja kujera cikin tsofaffin, a zuba mata irin gahawar da ake zuba musu. In ta ji ta tsararo, ranar manaja zai sha tambaya. A watan nan take ajiye aiki, tana so ta sulale shiru. Ba mu yarda ba.

Ta san halin mutanenta. Tsohon ƙasar nan ko wuta ke cin ƙafarsa, ka tambaye shi, "lafiya lau" zai ce, ya koma kallon taga. Shi ya sa ba ta tsayawa a abin da baki ya faɗa.

Bara wata mata, Marjatta, ta kawo kuka. Gidan da iyayenta suke ya yanke shawarar mai da uwarta, Impi, sashen masu rikicin tsufa a wani gari, wai ta fara dukan ma'aikata duk lokacin da za a ɗaga ta. Mijin Impi, Veikko, da suke ɗaki ɗaya tun suna da jajayen sawu, za a bar shi shi kaɗai.

"Ranki ya daɗe, kanta ne ya taɓu," in ji manajan gidan da Tuulikki ta je. "Jiya ma ta kai wa ma'aikaciya naushi."

Tuulikki ta tambayi tsohuwar. "Ba abin da ke damuna, 'yar nan," Impi ta ce. "Sha gahawarki."

Ran Asabar, ranar surace, sai ga Tuulikki da tawul a kafaɗa. A ɗakin surace na katako, inda ake watsa wa duwatsu masu zafi ruwa a yi wankan tururi, babu babba babu yaro, kuma a nan ne bakin mutanenmu ke buɗewa.

"Inna Impi, a sam mini wuri?"

"In ba za ki cika ni da surutu ba. Watsa wa duwatsun nan ruwa sosai, yaran yanzu tsoron zafi suke."

Tururi ya tashi. Tuulikki ta miƙa mata damin ganyen da ake bugun jiki da shi. Impi ta ɗaga hannu, ya tsaya a rabi, numfashinta ya sarƙe.

"Tun yaushe, Inna?"

Tsohuwar ta sauke ganyen. "Wata yarinya ma'aikaciya ita kaɗai aka bar wa ɗaga ni, na suɓuce mata na bugi ƙarfen gado. In na faɗa, korar ta za su yi, ga ta da goyo."

"Sai ki yarda a raba ki da Veikko?"

"To ya zan yi?" Sai hawaye.

Likita ya duba, haƙarƙari ne ya tsage. Zafin ciwo ke sa ta kai duka, hankalinta garau. Tuulikki ta tsaya kai da fata cewa laifin na wanda ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum biyu ne. Ba a kori yarinyar ba, aka ƙara ma'aikata, aka soke maganar ɗauke Impi.

Ke ce kunnen marasa baki, Tuulikki. Ke ce ba ki taɓa jin "lafiya lau" kin naɗe tabarmarki ba. Mun gode, kuma wallahi za mu yi kewarki. Ku masu tasowa a wannan aiki, ku bar kujerar ofis, ku je inda tsoho yake sakin jiki, ku zauna har ya yi magana.

A walimar sallamarta aka turo Impi a keke, aka ce Veikko ya yi jawabi. Ya miƙe da ƙyar, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Tana nan a ɗakinmu," ya ce, ya koma ya zauna.