Yadda Guza Ya Bi Ta Konni Kafin Ya Girma

Mutum ne ni mai saurin mantuwa, har lambar wayata sai na tsaya na yi tunani. Amma ranar da na ɗauki Guza na kai shi Konni, wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga raina.

Guza ba dabbar gaske ba ne. Wata halitta ce a cikin gem, irin wasan nan da ake kama ƙananan halittu a daji, a rene su, a riƙa gwabzawa da su. Kawuna, ƙanin Innarmu, yana sayar da gwanjo a Konni. Wata rana ya kwance dila sai ya tsinci 'yar na'urar wasa a aljihun wata rigar sanyi, da kaset ɗinta a ciki. Da ya zo Illela cin kasuwa ya miƙo mini. Halittar farko da na kama, Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wanga ai guza na." Sunan da ya bi shi ke nan.

Matsalar ita ce kaset ɗin da Faransanci yake, ni kuwa ban san ko sannu ba da wannan yare. Mai karanta mini ita ce 'yar kawun nan, taubashiyata, wadda ta yi lakwal, wato bokon Nijar. Duk zuwan da suka yi sai ta zauna kusa da ni tana fassara, tana kirana bawanta kamar yadda taubasai kan yi. Na'urar kuwa ban taɓa barin ta riƙe ba. Ta karanta, ni in danna. Rowa ce zalla, yanzu na yarda.

Shekara takwas ina renon Guza. Ya yi ƙarfi sosai, sai dai abu ɗaya yana ci mini rai. Sauran halittuna duk sun rikiɗe sun kai siffarsu ta ƙarshe, shi kuwa ya rikiɗe sau ɗaya ya tsaya cak. Babu irin horon da ban ba shi ba.

Da na fara ɗinki na samu abin hannuna, na je Sakkwato na sayo sabuwar na'ura mai rami biyu, ɗaya na tsohon kaset, ɗaya na sabo. Na haɗa da sabon zubin wasan, na Turanci. Ranar da taubashiyata ta zo na ɗaga mata shi a fuska na ce, "To malama, an sallame ki. Yanzu ni ka karanta abina da kaina." Ta yi dariya, amma na ga maganar ta taɓa ta. Daga baya na ji ita ma ta sayi irin na'urar da sabon kaset na Faransanci. Muka yi kusan shekara ba wanda ya ƙara tayar da zancen gem.

Sai tsohon kaset ya fara ciwo. In kunna sau biyar, ya tashi sau ɗaya. Na kai wa wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, dattijo mai haƙuri. Ya buɗe, ya duba, ya nuna mini tsatsa ta ci gefen ƙarafunan. Ya ce ruwa ya taɓa shiga, kuma kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Na san dai akwai hanyar kwashe halittu daga tsohon zubi zuwa sabo, shi ya sa ma aka yi ramin nan na biyu. Nan take na cusa kaset biyun na kunna. Wurin da ya kamata zaɓin ƙaura ya fito, babu komai.

Mai gyaran ya bincika a wayarsa, ya daɗe yana karatu, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, ba na'urarka ta ag da laihi ba. Kaset na Hwaransanci ba ya miƙa ma na Turanci. Sai ka samo sabo na Hwaransanci, Guza ya shiga can, sannan a yi musaya da naka. Musaya tsakanin sababbi ba ruwanta da yare." Ya ƙara da cewa ƙaurar nan hanya ɗaya ce, abin da ya fita daga tsoho ba ya komawa.

A duk faɗin Illela da Konni mutum ɗaya na sani mai wannan kaset, kuma ita ce na sallama da bakina. Ga shi in Guza ya shiga nata, ya zama nata. In ta ga dama ta riƙe, babu mai raba mu, don a wurin manya wasan taubasai ne kawai. Kwana uku ina jan ƙafa. A rana ta huɗu na nannaɗe kaset ɗin a ƙyallen shadda, na sa a aljihun gaba, na hau kabu-kabu. Duk ramin da babur ya faɗa sai na dafe ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kalle ni ta ce, "Bawana, mi ya kawo ka da rana tsaka? Turancin ya ƙare?" Na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta karkaɗe hannu ta ce, "Kawo shi." Duk shekarun nan ban taɓa sa kaset ɗin nan a hannunta ba. Na miƙa mata.

Ta sa shi a na'urarta ta kunna. Fuskar na'urar ta fito fari fat, ba komai. Ta cire, ta goge da bakin zanenta, ta mayar. Babu. Sau na uku ma haka. Ni dai na zauna a kan turmi. A karo na huɗu ta danne kaset ɗin da babban yatsa ta ƙi saki, sai ga zaɓin ya fito, da Faransanci. Ta ce, "Shida za ka zaɓa, kuma ba ni iya ɗauke yatsana. Danna da sauri." A karon farko ita ke riƙe da na'ura, ni ina dannawa ta gefe. Na zaɓi Guza da wasu biyar. Ta karanta tambayar ƙarshe, ta ce wasan yana tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Aka ɗan jima, ƙaura ta kammala. Da ta sake gwada tsohon kaset ɗin don mu ga abin da ya rage, bai ƙara tashi ba, har yau.

Saura musaya. Ta buɗe wasanta ta nemo Guza, ta zauna tana kallonsa, tana juya shi. "Kai, yana da kyau," in ji ta. "Ni da na karanta mishi kowace kalma tun yana ƙarami, ai ɗana na. Ina ga nan za shi zauna." Na san tsokana ce, amma zuciyata ba ta sani ba. Na ce, "Don Allah, uwar ɗakina." Ban taɓa kiranta haka ba. Ta fashe da dariya har matar kawu ta leƙo daga ɗaki. Ta ce sai na ba ta mafi ƙarfi a sabon kaset ɗina, tunda dokar musaya ita ce a ba da ɗaya a karɓi ɗaya. Ina da wani tsuntsu da nake taƙama da shi a majalisarmu. Ko jinkiri ban yi ba na miƙa.

Muka jera na'urorin a kan tabarma. Tsuntsuna ya tafi, Guza ya iso. Na buɗe baki zan yi hamdala sai fuskar na'urata ta fara walƙiya. Na zaci ita ma ta lalace. Sai na ga Guza yana haske, yana kumbura, yana miƙewa. Kafin in gane abin da ke faruwa ya rikiɗe ya zama wani ƙato mai ƙaya a gadon baya, siffar da na yi shekara takwas ina nema. Na daka tsalle har hulata ta faɗa cikin garin da take tankaɗe. Daɗin da na ji a lokacin, ban san da me zan kwatanta shi ba.

Ita kuwa ko mamaki ba ta yi ba. Ta ciro hular ta kaɗe ta ce, "Irinsa ba ya kai ƙarshen girma sai an yi musaya da shi. An rubuta cikin tsohon kaset, na karanta tun tuni." Na ce, "To mi ya hana ki gaya min?" Ta ce, "Na gaya maka sau biyu. Ka ce wayo nika yi in raba ka da shi."

Na tuna kuwa, haka aka yi. A makon nan Guza ya kayar da kowa a majalisarmu, har da masu yi masa dariyar tsufa, kuma duk wanda ya tambaye ni sirrin sai na ce ya je Konni ya tambaya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, na yi shekaru ina ƙanƙame abin da nake so ina cewa tsaronsa nake yi, ashe ni ne na hana shi girma. Yanzu ko a shagona, in yadi mai tsada ya zo, nakan miƙa wa wanda nake koya wa ɗinki almakashi in ce ya yanka. Gabana yana faɗuwa har yanzu, amma ina miƙawa.