Sojan Tudu

Akwai abin da ya same ni a ƙauyenmu wanda har in koma ga Allah ba zai fita a raina ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ni kuma saurayi ne mai jirgin inji, ina ɗaukar mutane da kaya daga bakin tafki a ƙasar Ngaski zuwa kasuwar Yelwa. Zuciyata a kusa take, bakina kuwa ba linzami.

Muna da wani dattijo da ya yi yaƙin Bama, dogo, marar yawan magana. Tun da ruwan dam ya tashe mu daga tsohon gari aka zaunar da mu a sabo, shi ya ɗora wa kansa kula da kwatar jiragenmu, ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Shi ke share ta, shi ke kiran gayya idan damina ta cinye hanya. Amma abin da ya haɗa shi da mu masu jirgi wata doguwar gora ce da ya ɗaura wa jan ƙyalle, taƙi guda daga bakinta. Idan ka gama lodi sai ya hau dutse ya sauke gorar a gefen jirginka har ta taɓa ruwa. In bakin jirgin bai kai ƙyallen ba, sai ya take igiyarka, ba inda za ka sai ka rage kaya. Mai gari yana bayansa, don haka ba yadda muka iya da shi.

Abin da ya fi ba mu haushi, ba wanda ya taɓa ganin ƙafar mutumin nan a cikin ruwa. Wanka ma da ruwan rijiya yake yi a gida. Idan za shi karɓar fansho a Yelwa, gara ya wuni a bayan mota ana jijjiga shi da ya shiga jirgi. Shi ya sa muka laƙaba masa sojan tudu, amma a bayan idonsa.

Wata ranar kasuwa na cika jirgi da buhunan albasa, ga fasinja, ga rana tana yi. Ya sauke gorarsa, ya ce in fid da buhu biyar. Na roƙe shi, ya ƙi. Sai shaiɗan ya hau kaina.

Na ce, "Baba, kai da ko ruwa iya gwiwa ba ka taɓa shiga ba, kai za ka koya mini ruwa? Wane yaƙi ka yi? Halan girki ka yi wa Turawa ka dawo kana cika mana baki. Matsa ka ba ni wuri, sojan tudu."

Kwata ta ɗauki dariya. Har yau ina jin dariyar nan, kuma a lokacin daɗi ta yi mini. Shi kuwa ko ƙafarsa bai ɗaga daga igiyar ba. Ya dube ni ya ce, "Sauke buhunan tukuna, ɗana, sa'an nan ka ƙarasa zagin." Haka na sauke su ina ƙunƙuni.

Kafin in dawo labari ya riga ni gida. Inna ta ƙi karɓar tsarabata, ta ce in wuce gidansa in durƙusa. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Ina nufin zuwa, wallahi, girman kai ne kawai yake ja mini ƙafa. Ana nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana na huɗu da safe aka ce ya cika. A wajen jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, na buɗe baki tare da jama'a na ce na yafe. Ka ji rashin kunya.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gidansa sai ga tsofaffi uku sun sauka daga mota, sanye da tsohon kaki da ya koɗe, lambobi a ƙirji. Abokan yaƙinsa ne, a wajen karɓar fansho suka ji rasuwar. Suka ce a kai su kabari. Muka bi su. Suka jera, guda yana dogara sanda, suka ƙame suka sara masa. Ba wanda ya sauke hannu sai da babbansu ya ba da umarni.

Da muka koma zaure, babban nasu, wani mutumin ƙasar Zuru, ya dubi samarinmu ya ce, "Kun yi rashin sarkin ruwa. Na san shi ya koya muku iyo duka."

Wani ya kasa riƙe dariya, ya ce ai Baba ko jirgi ba ya shiga. Tsohon ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe bai gaya muku ba," in ji shi.

Ya ce a can Bama an sa su ƙetare wani kogi a kan gora da aka ɗaure, aka jibga akwatunan harsashi da raunanan sojoji har ruwa yana lasar ƙafafunsu. Marigayi ya ce wa na sama da su kaya sun yi yawa, aka daka masa tsawa. Suna tsakiya abin ya kife. Yawancinsu mutanen tudu ne, ba su iya ruwa ba. Shi kaɗai ya yi ta jan mutane zuwa gaɓa yana komawa, har mutum bakwai.

"Ni ne na huɗu," in ji tsohon. "Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana cikinmu, yana can nesa kaɗan yana kiran sunansa. Mu muka fi kusa, sai ya fara da mu. Da ya koma wajen ƙanen nasa, ruwa ya tafi da shi. Ya yi ta nutso yana nema har sai da muka ɗaure shi da igiya."

Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Duk samarin da ke zauren nan suna kwata ranar da na yi maganata, kuma ba wanda ya dube ni. Da dukana suka yi da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na shiga cikin gida wajen matarsa, tana zaune kan tabarma da carbi. Na zube a gabanta na gaya mata duk abin da na faɗa masa, ban rage kalma ba, na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ita ma yau ta fara jin wannan zagi, ran nan ya dawo ya ci tuwonsa bai ce mata komai ba.

"To mi zan yafe maka, ɗana?" ta ce. "Ba ni ka zaga ba. Wanda ka zaga ya tafi."

Ba ta faɗa da fushi ba, gaskiya ce kawai ta gaya mini. Yau na wuce shekarun da ya mutu yana da su, kuma ba sallar da zan idar ban sa shi a addu'a ba, amma wancan durƙuson da Inna ta ce in je in yi ba ni da inda zan kai shi. Abin da na koya shi ne kada ka yi wa mutum hukunci kan abin da yake gudu alhali ba ka san abin da ya gani ba. In kuwa bakinka ya riga ka, je ka nemi gafara a ranar, tun mai yafewar yana jin ka.