Ranar da taron famfo ya koma ƙofar masallaci

Shekarun da mazan ƙauyenmu na wajen Bande suka watse Libiya neman aiki, mu mata muka riƙe gari. Da famfo ya lalace, mu muka je har Magariya muka taho da mai gyara. Daga nan aka kafa komitin ruwa, mata suka tura ni gaba saboda bakina ba ya mutuwa. Gindin tsamiyar bakin famfo muke zama da hantsi, mu da tsofaffin da suka rage, kowa ya faɗi tasa. Mijina in ya bugo waya sai ya ce, "Ina perzidan, shugabar ruwa? A ba ni ita." Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Sai faɗa ya rincaɓe a can Libiya, maza suka dawo, wasu ko takalmi babu. Nawa ya iso a rame. Na yi ta jinyarsa har ya dawo hayyacinsa.

Babu wanda ya cire ni daga komiti. Da an cire ni, da na san wanda zan yi wa masifa. Sanarwa kawai aka yi cewa taro ya koma ƙofar masallaci, bayan an sauko daga Juma'a. Wace mace za ta ratsa maza ta zauna a nan? Na je, na tsaya daga nesa kamar mai tallar ƙosai, na juyo. A zaman nan suka yanke cewa shanu za su fara sha da safe, mata su ɗiba in rana ta take.

Na yi ta zagin mai gari, har matarsa ta ja ni gefe a gidan suna ta ce, "Ki daina ɗaukar alhakinsa. Maigidanki ne ya kawo shawarar mai da taron ƙofar masallaci."

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Malam, kai ne?"

Bai ɗago ba. "Ni ne. Na ga ƙasar da kowa ya samu baki, na ga yadda ta ƙare. Hutar da ke na yi."

Ban ce na gaji ba, bai kuma tambaye ni ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Har yau in baƙi sun zo yakan gaya musu matarsa ce ta riƙe ruwan garin nan da babu maza, da alfahari yake faɗa. Ni kuwa ina bayan danga ina jin sa, tuwonsu nake tuƙawa.