Jinin Karfasa

Shekarun baya can, ina sabuwar nas a wani asibiti a Malumfashi, na taɓa ɗibar jinin kifi da sirinji. Jikokina dariya suke yi in na faɗa, sun ɗauka zolaya ce irin ta kaka. To gaskiya ne, kuma ga yadda aka yi.

Farkon shekarun tamanin ne. Ni 'yar Kafur ce, mahaifina ya rasu tun ina makarantar koyon jinya, saura mahaifiyata da ƙannena a gida. Ina zaune a gidajen ma'aikata, sai ƙarshen mako in leƙa su in ba ni da aiki. A majami'ar da nake zuwa akwai wani malamin sakandare mai koyar da ilimin halittu, dogo, siriri, marar yawan magana, wanda ko ranar Lahadi ba a rasa ɓurɓushin laka a ƙafar wandonsa. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa malamin kifi suke ce masa a bayan idonsa, don kowace Asabar yana bakin dam.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada ya tare ni a bakin ƙofa, ya gaishe ni har sau biyu, yana ta murza hularsa. Na ce a raina yau dai malam ya yi ƙarfin hali. Har na gyara ɗaurin ɗankwalina. Sai ya ce, "Sista, don Allah, za ki iya samun jijiya a jikin abin da ba shi da hannu?"

Haka neman aurena ya fara, in dai za a kira shi neman aure.

Abin da ke damunsa shi ne wannan. A dam ɗin akwai karfasa iri biyu. Ɗaya baƙa-baƙa ce, mai faɗin jiki, tana zama gefe cikin ciyawa inda ruwa bai da zurfi. Ɗayar fara ce, ta fi tsawo, tana can tsakiya wajen zurfi. Masunta sun san su, amma a wurinsu duk karfasa ce, kwando ɗaya suke zuba su. Shi ma malam ya ce asalinsu ɗaya, sai dai kowace ta kama gefenta tana hayayyafa a can. Gefen ciyawar nan cike yake da katantanwa, kuma wannan ni ma na san zancensa, don daga irin wuraren nan yara masu wanka suke kwaso mana tsargiya. Katantanwar tana ɗauke da wasu ƙananan tsutsotsi da ke shiga jikin kifi. Abin mamakin, in ji shi, baƙar da take kwana ta tashi cikin katantanwa ɗan kaɗan ake samu a jikinta, kuma ba ta damuwa. Farar kuwa in tsautsayi ya kai ta gefe, sai tsutsa ta cika ta. Yana zargin bambancin a garkuwar jikinsu yake, kuma gadonsa suke yi. Yana so ya duba jininsu a madubin duba ƙwayoyin cuta na makarantarsu, amma duk kifin da ya soka sai ya mutu a hannunsa.

Na ce zan gwada sau ɗaya. Na sayi sirinjina a kemis, na bi shi. Ranar farko karfasa ta suɓuce ta mare ni da wutsiya a fuska, na zame na zauna daɓas cikin laka, masunta na kallo. Ni da ake yabon hannuna a ɗakin yara. Haushin wannan ne ya sa na koma Asabar ta gaba, na kuwa gano wurin, can kusa da wutsiya, ƙasa kaɗan da ƙashin baya. Jini ya hau sirinji, aka mai da kifin ruwa ya yi tafiyarsa. Malam ya dube ni kamar na ta da matacce.

Daga nan ya zama duk Asabar ɗin da ba ni da aiki muna can. Shi ya shafa jinin a gilashi, ya saita madubin ga hasken rana, ya yi ta leƙe yana magana shi kaɗai. Ni in zauna a inuwa ina cin rake. Ya kuma ɗauki ƙananan 'ya'yan kowane iri ya rene su a durom ɗaya a bayan gidansa, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, da suka tasa ya zuba su tare cikin kejin waya ya nutsa a gefen ciyawa. Ya ce in 'ya'yan baƙar suka jure alhali ba su taɓa ganin katantanwa ba, to daga iyaye suka samo.

Labari ya isa Kafur kafin ni. Mahaifiyata ta zaunar da ni a ɗakinta, ta ce ita ba ta ce mutumin banza ba ne, ta bincika an ce mata ko taba ba ya sha. Amma namijin da zai riƙa ajiye 'yar mutane a bakin ruwa har damina ta zo ta wuce, bai turo ko kawunsa an gaisa ba, ita ba ta gane masa ba. Ta ce ko ya turo manya, ko in bar zuwa. Ni kaina ban san matsayina ba. Tun da muke bai taɓa ce min komai ba in ba zancen kifi ba. Na daina zuwa, ban kuma gaya masa dalili ba. Muka koma gaisuwa daga nesa a majami'a, shi yana kallona kamar yaron da aka ƙwace wa abu bai san laifinsa ba.

A cikin haka farin nan ya zo. Wanda ya yi wayo a lokacin ba zai manta ba, dawa ta bushe a tsaye, auduga ko tsayin gwiwa ba ta kai ba. Kafin bazara dam ya janye sosai, wurin da da sai da kwalekwale ya zama mutum na iya takawa. Sai kifi ya fara mutuwa, ana tarar da shi da safe ya taso ciki sama. A shekarar da rumbuna suka kwana babu komai, kifin nan shi ne abincin gidaje da yawa.

Wata safiya matar wani masunci ta kawo ɗanta allura, take gaya min ai an gano mai kashe kifin. Malamin nan ne mai kejin waya, an ce magani yake zubawa a ruwa. An cire kejin an ajiye a gaban sarkin ruwa, yau ma aka kira shi. In bai wanke kansa ba za a kai maganar gaban hakimi, shugaban makarantarsu kuma ya riga ya ce in ta kai can shi babu ruwansa. Ta dube ni ta ƙara da cewa wasu sun ce har da wata nas a ciki.

Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe min ɗakin, na ari kekenta, na tafi da fararen kayana a jikina. Na tarar da mutane cike a gindin tsamiya, sarkin ruwa zaune a kan buzu, dattijo mai farar ƙasumba. Malam na tsaye, madubinsa a hannu cikin akwatin katako, yana ta bayani irin na aji, rabi Hausa rabi Turanci, gumi na zuba. Babu mai fahimtarsa, hayaniya sai ƙaruwa take yi.

Na durƙusa na gaida sarkin ruwa, na ce ni ce nas ɗin da ake faɗa, ni na riƙa ɗibar jinin, ban kuma taɓa zuba komai a jikin kifi ba, cirewa kawai nake yi. Na roƙa a kawo matattun kifin safiyar nan a zube. Aka zube su a kan tabarma. Kusan dukansu farare ne.

Na ce, "Baba, ku kuka san ruwa. Guba tana zaɓen wanda za ta kashe?"

Ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai tun jiya, amma mutane yunwa suke ji, ba za su kwanta da zato ba, sai sun gani da ido. Sai ya juya ga malam ya ce, "Malam, bar dogon Turancin nan. Nuna mana."

Malam ya ɗaga murfin kunnen wata fara, ya kankaro ɗan jan naman da kifi ke numfashi da shi, ya ɗora a gilashi. Sarkin ruwa ya sunkuya ya sa ido. Ya daɗe, sannan ya ja da baya yana salati, ya ce abin motsi yake yi. Aka yi ta layi ana leƙawa. Aka kankaro na baƙa, da ƙyar aka ga ɗaya-ɗaya. A nan malam ya samu bakinsa. Ya ce ruwa ne ya janye, farar ta rasa zurfin da ta saba, dole ta shigo gefe cikin katantanwa, jikinta kuma bai san yadda ake faɗa da tsutsar nan ba. Baƙar tun kakanninta suke fama da ita. Ya nuna kejinsa da aka tsamo, wanda ke jiƙe cikin wani babban daro. 'Ya'yan farar sun mutu, na baƙar suna ta iyo.

Sarkin ruwa ya ce, "Ashe jini ne. Kamar gidan da ƙyanda ke shiga ta yi ɓarna, ta shiga maƙwabta ta fita salin-alin." Ya yanke cewa daga ranar duk wanda farar karfasa mai rai ta faɗa cikin komarsa ta kamun kifi, ya mai da ita ɗan ramin zurfin da ya rage, har ruwa ya sauka, don kada irinta ya ƙare. Ya sa aka mai da kejin inda aka ɗauko shi.

A hanyar komawa muna tura kekuna. Sai da muka kusa shiga gari ya tsaya ya ce, "Sista, in mutum zai tura manyansa Kafur, wace ƙofa za su nufa?" Na ce masa ƙofar tana nan tun bara, ba ta gusa ba.

Ranar da ya je gaida mahaifiyata, bandar kifi ya kai mata ƙunshi guda. Ta buɗe ta duba, ta tambaye shi ko cikin waɗanda aka yi wa allura ne. Ya tsaya yana rantse-rantse da gaske, ita kuwa tana ta dariya har da hawaye. Daga ranar ya zama ɗanta, har ta rasu ba ta yarda a faɗi laifinsa a gabanta ba, ko da ni ce.

Maigidana bai taɓa iya tabbatar da abin da yake zargi ba. Madubin makaranta ba ya ganin abin da ake gada, kayan da za su gani kuwa ba su zo ba a lokacin. Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya. Kwanakin baya autarmu ta karanta masa a waya cewa masana yanzu suna duba ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da garkuwar jikin kifi, suna kuma samun bambanci tsakanin ire-iren da ke zaune ruwa ɗaya, gwargwadon cutar da kowanne ya saba karo da ita. Ya sa ta maimaita. Bai ce ai dama ya faɗa ba. Cewa ya yi a kai shi dam.

Ni abin da na koya bai shafi kifi sosai ba. Na auri mutumin da ba ya iya faɗin abin da ke ransa, amma in ya sa ido a kan abu ba ya ɗaukewa. Haka ya lura da ni duk shekarun nan, yakan san ba ni da lafiya kafin ni in sani.

Mun je dam ɗin. Idonsa ya yi rauni yanzu. Wani masunci ya ajiye mana kwandonsa, maigidana ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce min a hankali ba ya iya bambance su. Na zauna kusa da shi, ina ɗagowa ɗaya bayan ɗaya ina sa masa a hannu, ina cewa wannan baƙa ce, wannan fara. Farar tana nan da yawa. Muna can har la'asar.