Jinin Yaya, Sunana

Ciwon Yaya ya fara ne da fatar ido. Da safe garau take, kafin la'asar idon hagu ya rufe kansa, daga baya har tuwo ya gagare ta haɗiya. Likita ya ce yana zargin garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar jijiyoyinta, amma ba zai ɗora ta kan magani mai ƙarfi ba sai an gwada jininta a Landan. A shekarun nan na casa'in babu mai wannan gwajin a Kaduna.

Ranar da aka ɗebi jinin ina makarantar da nake koyarwa, don haka Mama ce ta kai kwalbar cikin fulas ɗin ƙanƙara, daga Unguwar Dosa zuwa wani ɗakin gwaji a Doka, su ne masu aikawa.

Wata uku shiru. Likita ya ce sakamako bai iso masa ba, Yaya kuwa ta koma sai koko a cokali. Ni da ba a san ni da haƙuri ba, na je Doka na tsaya a kan akawun ɗakin gwajin, na ce ba inda za ni sai ya zazzage durowarsa.

Ya duba sunan Yaya, babu. Can na hango wata takarda da sunana a kai, har da na mahaifinmu. Wata biyu ke nan da dawowarta, an rasa mai ita. Ya karanta ya ce, "Malama, ai kina da ciwon."

Ni da ko allura ba a yi mini ba!

A gida na ajiye takardar a gaban Mama.

"Mama, sunan wa kika ba su?"

Ta sunkuyar da kai. "Akawun ya ce in faɗi sunan mai jinin, ga mutane a bayana. 'Yar fari ce, ta yaya zan faɗa? Sai na faɗi naki. Ai ubanku ɗaya."

Na san tun da aka haifi Yaya, Mama ba ta taɓa kama sunanta ba, amma ban taɓa zaton kunyar za ta bi mu har Landan ba.

Yaya na kwance tana jin mu. Da ƙyar ta ɗaga fatar idonta da yatsa, ta dubi Mama.

"Mama, wata biyu fa."