Waƙar Tsallaken Rafi

Mutanen gari Tungar Kutare suke kiran ƙauyenmu. Ba a sayen ƙosanmu, ba a gayyatar mu biki, makaɗi kuwa bai taɓa tako mana ƙofa ba. Kiɗanmu mu muke yi wa kanmu.

Bayan magariba kakata, Iya Dije, takan hura wutar kara, ta kifa ƙwarya a cikin kwanon ruwa. Cutar ta cinye mata yatsu tun kafin a haife ni, da dungulmi take bugawa. Tatsuniyarta rera ta ake yi daga farko har ƙarshe, kuma kowa da rabonsa. "Hajara, ke ce yarinyar. Malam Tanko, kai ne rafi, ka yi ƙasa da murya."

Wadda na fi riƙewa ita ce ta yarinyar da aka kora tsallaken rafi don farin tabo ya fito mata a kumatu. Kullum da yamma takan zauna a gaɓa tana waƙa. Mutanen garinsu sukan jeru a ɗaya gaɓar su saurara, har da mahaifiyarta. In ta gama, su juya gida.

Na ce, "Iya, daga baya sun zo sun ɗauke ta?"

"Ba su zo ba."

"To me ya hana ta dainawa?"

"In ta yi shiru, jikata, wa zai gaya mata tana da rai?"

Labarin rasuwar Iya ya iske ni a ƙasar waje, a unguwar Setapak, inda na biyo maigidana yana karatu. Na yi salati, na ajiye wayar, na ci gaba da yanka albasa. Na jira kuka, bai zo ba.

Wata yamma danja ta tsayar da mu a unguwar Sentul, ni da 'yata a cikin tasi. A bakin titi Sinawa sun kafa dandamali suna wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa zalla. Wata tsohuwa, fuska duk fenti, tana rerawa iya ƙarfinta, kujerun gaba kuwa ba kowa. Direba ya ce kujerun na matattu ne, ba a zama a kai.

A da na ɗauka haƙuri Iya take koya mana. A motar nan na gane ba ta yi mana alkawarin komai ba. Babu mai zuwa, kuma ba a fasa waƙar.

Danja ta ba da hannu. 'Yata ta tambaye ni da Turanci ko za mu tsaya mu yi tapau a mamak, wato mu sayi abinci a shago a ƙunshe mana. Na ce mu tsaya.